Inda Dakta Ebenezer Ya Kai Yatsansa

Akwai wani mai kemis a Zuru, sunansa Ebenezer, amma in ka shiga unguwarsu kana tambayar Ebenezer sai ka sha yawo. Ka ce Dakta kawai, kowa zai nuna maka shagon. Kada wani ya tambaye ni wane layi ne. Na san halinku, gobe sai ku je ku cika masa ƙofa da sunan sayen fanadol.

Kun dai san yadda muke. Duk wanda ya sa farar riga ya tsaya bayan kanta yana miƙo ƙwaya, ya zama Dakta. Ebenezer bai taɓa cewa a kira shi haka ba, bai kuma taɓa hanawa ba. Ya doshi arba'in, yana da mata, Saloma, da 'ya'ya uku, da gonar dawa a gindin dutse.

Wata ranar kasuwa wata mata daga Sakaba ta faɗo shagon da ɗanta a kafaɗa. Jikin yaron yana fizga, idanu sun juye.

"Dakta, ka taimake ni!"

Ebenezer mutumin kirki ne, bai tsaya gwada gwaninta ba. Ya ja ƙofar shago, ya ɗora su a babur sai asibiti. Shi ya rungumi yaron da gudu har ƙofar ɗakin gaggawa, farar rigarsa tana kaɗawa. Wata nas ta karɓi yaron, ta tare Ebenezer da hannu ɗaya.

"'Yan'uwan mara lafiya su jira a waje."

Matar ta ce, "Ai Dakta ne!"

Nas ta dube shi daga hula zuwa silifa. "Na ina?"

Ta rufe ƙofa.

Yaron ya rayu, mun gode Allah. Amma daga ranar Ebenezer bai sake jin daɗin sunan nan ba. Duk wanda ya ce Dakta sai ya ji kamar an ɗora masa kayan wani a ka. Ya shiga tambaya a asirce, yadda mutum mai shekarunsa zai shiga karatun likita na gaskiya.

Amsar ba ta yi masa daɗi ba. Sai ya sake zana jarrabawar gama sakandare, ya samu kiredit a Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri da fiziks, kuma dukansu a zama ɗaya. Bayan nan ga JAMB tana jira. Tsohon sakamakonsa kuwa, kemistiri ya faɗi warwas, fiziks ma ranar bai je ba.

Ya zauna da Saloma suka yi shawara. Ta yarda za ta riƙe shago shekara guda. Ya sayar da bijimin da yake noma da shi don kuɗin rajista da littattafai. Bijimi ɗaya gare shi, saboda haka dama ɗaya ce. In ta kuɓuce, babu wani abin sayarwa.

Saura tambaya ɗaya, ita ce ta hana shi cin tuwo: a ina zai yi?

Wuri na farko yana nan cikin Zuru, tafiyar ƙafa daga gidansa. Makaranta ce mai ɗakin gwaje-gwaje, tana karɓar 'yan waje, su zauna darasin yamma tare da 'yan aji shida. Matsalar ita ce mai koyar da kemistiri a can Leah ce, ƙanwar Saloma.

Kun san wasan da ke tsakanin miji da ƙanwar matarsa. To na waɗannan biyun ya wuce misali. Tun Leah tana yarinya yake tsokanarta. Da ta zama malama ya sa mata suna Malama Alli, yana cewa albashinta ko allurar kaji ba zai saya ba. Ita kuma ba ta kiransa sai Daktan Fanadol. A taron biki, a bakin coci, ko'ina suka haɗu sai mutane sun taru suna dariya.

Yanzu a ce shi ne zai zauna a benci, Leah a gaba da alli, a gefensa yaran da iyayensu ke aikowa sayen maganin tari suna rusuna masa.

Wuri na biyu amininsa Arzika ne ya kawo labarinsa. Arzika dillalin hatsi ne, kullum yana kan babur tsakanin kasuwar Ribah da Wasagu da gaba, babu abin da kunnensa ba ya ɗauka.

"Dakta, mi kaka tsoro?" in ji Arzika. "Akwai wani wuri can gaba, wajen iyaka. Mai wurin sunanshi Success. Ba wanda ya san ka can. Manyan mutane na tahiya su yi abinsu su dawo, ko matansu ba su ji ba."

Suka hau babur suka je gani.

Gini ne mai ɗaki huɗu a bayan gari, an shafe shi da shuɗin fenti, an manna hotunan ɗalibai a bango kowa da murmushi. Success ya fito da kansa, gajere mai tumbi, da waya biyu a hannu. Da Arzika ya ce masa wannan Dakta ne daga Zuru, sai ya kama hannun Ebenezer da hannu biyu.

"Yallaɓai, ka zo gida. Irinku nake so."

Ebenezer ya ce, "Yaushe ake darasi?"

Success ya yi dariya har tumbi yana rawa. "Darasi? Yallaɓai, kai da shago da iyali? Sau biyu kawai nake son ganinka. Ranar da za ka dangwala yatsa a na'ura, da ranar jarrabawa. Sauran aikina ne."

"Aikinka kamar yaya?"

"Ranar jarrabawa ka zo da biro mai kyau da idanu masu gani allo. Shi ke nan."

Ebenezer ya dubi ɗakunan. "Ɗakin gwaje-gwaje fa? An ce akwai na aikin hannu."

Success ya kai su ɗakin ƙarshe, ya tura ƙofa. Kabad ne guda a kusurwa da kwalabe biyu marasa murfi. A ƙasan kabad ɗin wata kaza tana kwanci, ta ɗaga kai ta dube su kamar sun shigo mata ba sallama.

"Ga shi nan," in ji Success, ko kunya babu. "Amma ban taɓa samun wanda ya faɗi ba. Ka dawo ran Juma'a da kuɗinka, ranar muke rufewa."

A hanyar dawowa Arzika yana ta zuba, Ebenezer kuwa hankalinsa na wani wuri. Abu ɗaya ke yawo a kansa: ban taɓa samun wanda ya faɗi ba.

Da ya isa gida ya tarar da Leah a tsakar gida tana taya yayarta gyaran wake. Ashe Saloma ta riga ta fesa mata.

"Oyoyo ɗalibina!" in ji Leah. "An ce za ka zo ajina. Ka yanke farce, ba na son ƙazanta."

"Wa ya ce miki? Ni in zauna gaban Malama Alli? Abin da kike koyarwa ai a shagona nake sayar da shi a kwalba."

"To faɗa min abin da ke cikin kwalbar."

"Magani."

Leah ta kwashe da dariya har wake ya zube. Da ta tashi tafiya sai ta daina wasan, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, gaskiya nake faɗa maka. Shugaban makaranta zai rufe karɓar 'yan waje ran Juma'a, da an tashi. In kana so ka zo da ƙafarka. Ni ba na rubuta sunan wanda bai roƙa ba."

Juma'a can, Juma'a nan. Kuɗi kuma na wuri ɗaya ne.

Kwanakin da suka biyo baya Ebenezer ya zama abin tausayi. Wata tsohuwa ta zo neman man zafi ya miƙa mata maganin tsutsa, sai da Saloma ta fizge. In ya ga yara 'yan makaranta sun wuce da yunifom sai ya kawar da kai. In ya tuna kazar nan sai ya ji kunya ta kama shi shi kaɗai.

Ran Alhamis da yamma Saloma ta ajiye masa tuwo, ya tura kwanon gefe. Ta ja kujera ta zauna.

"Baban Joyce, ka yanke?"

"Wajen Success zan je."

Ta dube shi. Sannan ta tuna masa golmo. Ga waɗanda ba 'yan ƙasarmu ba, golmo shi ne noman da saurayi yake yi a gonar surukinsa, damina bayan damina, shi da sa'o'insa, kafin a ba shi mata.

"Ka tuna gonar Baba ta kan tudu? Duk ƙauye suna kallonka kana duƙe, bayanka duk ya saɓule. Da ka ɗauko 'yan ƙwadago ka biya su suka yi maka, kai kana gida kana shan inuwa, kana tsammanin Baba zai ba ka ni?"

"Wannan daban."

"Ina bambancin?"

"A golmo sa'o'ina ne a gefena, Saloma. Kowa duƙe yake. Nan kuwa sa'o'in 'ya'yan cikina ne." Ya shafa kansa. "Kuma ba ma wannan ba. In na zauna gaban Leah shekara guda, gari duk ya sani, sannan na faɗi fa? Bijimi ya tafi, mutunci ya tafi. Wa zai sake sayen ko filasta a hannun Daktan da yara suka kayar a kemistiri? Kaina ya tsufa. Na buɗe littafin fiziks jiya, wallahi kamar rubutun aljanu. Can kuwa an ce ba a faɗuwa."

Saloma ta ga tsoronsa na gaskiya ne. Ta ɗauke kwanon ta rufe.

"Kai ne mai gida. Amma ni shagon da na ce zan riƙe, don karatu na ce."

Ran Juma'a da safe hadari ya haɗu ta gabas, ƙarshen damina ne. Ebenezer ya cusa kuɗin a aljihun ciki, ya sa hular sanyi da takunkumi kamar mai mura, ya hau bayan Arzika.

Sun tarar da layi a wajen Success. Abin dariya, kowa a layin irin shigar Ebenezer ya yi. Wani ya ja hula har gira, wata ta sa tabarau baƙi a cikin ɗaki, wani dattijo da ka gani ka san ma'aikacin ofis ne yana ta kallon silin. Babu mai gaida wani. Ni da na san rabin mutanen yankin nan, da ina wurin da na kira kowa da sunan kakansa.

Layi ya zo kansa. Akawun wurin, wani dogo mai suna Joel, ya turo masa 'yar na'ura mai jan haske.

"Yallaɓai, babban yatsa."

Ya ɗora. Na'ura ta yi ƙara ta ƙi.

"Sake."

Ta ƙi.

Joel ya kama yatsan ya duba. "Manomi ne kai? Fartanya ta cinye zanen. Haka manoma ke ba mu wahala. Goga shi a goshinka ya ɗan samu maiƙo."

Ebenezer yana cikin goga yatsa a goshi, sai ga mace ta shigo da gudu ba ɗankwali, da yaro a nannaɗe cikin bargo. Matar Success ce.

"Baban Boy! Jikinsa ya sake zafi, ba ya ma buɗe ido!"

Success ya fito daga ofis, wayoyinsa biyu suka faɗi ƙasa bai kula ba. Ya taɓa goshin yaron ya janye hannu. Mutumin da ke dariya da tumbi rannan, yanzu dariyar ta ɗauke.

Joel ya miƙe. "Oga, ga asibitin Solomon nan bayan tasha, ku kai shi can. Ai ɗalibinmu ne, a nan ya ci takardarsa. Ba zai ma karɓi kuɗinka ba."

Success ya juyo kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Solomon? Kana hauka? Solomon da ni na tsaya a kansa ana rubuta masa kemistiri a allo, yana kwafa yana juya lamba? Shi zan ba ɗana ya yi wa allura?"

"Oga, ai ya yi wata makarantar lafiya bayan nan..."

"Ko goma ya yi! Ni na san abin da ke ƙasa! Kawo makullin mota, babban asibiti za mu, ko da awa nawa ne!"

Masu hula da masu tabarau kowa ya sunkuyar da kai.

Ebenezer ya ja takunkuminsa ƙasa. "Madam, cire masa bargon nan. Ki jiƙa ɗankwali ki riƙa shafa masa a hanya. Kada ki ɗura masa komai a baki."

Matar ta yi yadda ya ce. Suka fita, mota ta tashi da ƙarfi.

Joel ya koma kujerarsa, ya share na'urar da gefen riga kamar ba abin da ya faru. "Yallaɓai, kawo yatsan. Yanzu zai kama."

Ebenezer ya dubi yatsan, yana ƙyalli da maiƙon goshi. Ya dubi jan hasken. Ya hango kansa shekaru masu zuwa, da takarda a bango da abin auna ƙirji a wuya, wani uba yana tsaye a waje da ɗa a hannu yana cewa, wannan? Na san abin da ke ƙasa.

Ya sa hannun a aljihu.

"Bari in sha iska."

A waje Arzika ya biyo shi. "Dakta, lahiya? Layinka za ya wuce hwa!"

"Tada babur."

"Ina za mu?"

"Zuru. Kafin a tashi makaranta."

Arzika ya dubi sama ya dube shi. "Wanga hadari kaka gani? Kai, Dakta, wallahi kai da wahala kun yi alkawari. Hau!"

Ba su yi nisa ba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Hanya ta zama kunu. Sau biyu babur yana zamewa suna dafa ƙasa. Ebenezer ya kira Leah, ta ɗauka ta ce "Daktan Fana..." sai layi ya yanke, sabis ya ɗauke gaba ɗaya.

Suka iso wani rafi da suka tsallake da safe ruwa iya idon sawu. Yanzu ya kawo har ƙugu, ja wur, yana tafe da karan dawa. Masu babura sun yi cirko-cirko a baki suna jiran ya sauka.

"Sai mu jira," in ji Arzika.

"Har yaushe?"

"Har ya ga dama. Rafi ba ya da shugaban makaranta."

Ebenezer ya tsaya yana kallon ruwan, yana jin kuɗin bijiminsa a jiƙe a ƙirji. Can ya bari, nan kuma zai rasa. Ya ga kansa yana shiga gida hannu rabbana, Saloma tana tambaya, shekara ta tafi a banza. Ya tuɓe takalmi ya rataya a wuya.

"Kama gaba, in kama baya."

"Babur ɗin za mu ɗauka? Kai, bawan Allah!"

Wasu manoma biyu da ke gefe suka ga da gaske yake, suka zo suka sa hannu. Haka suka ɗaga babur a kafaɗa, su huɗu, ruwa yana dukan cikinsu, Arzika yana salati da ƙarfi, Ebenezer yana kiran Yesu, har suka taka tudu.

Da suka shigo Zuru an riga an tashi. Yara suna ta fita ƙofa. Ebenezer ya diro tun babur bai tsaya ba, ya ruga cikin makaranta ba takalmi, laka har kunne.

Ajin yamma ya riga ya zauna. Leah tana gaban allo. Da ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, yara kusan arba'in suka juyo. Wata yarinya ta ce, "La! Dakta ne!"

Leah ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ajiye alli a hankali.

"Lafiya, bawan Allah? Wani ne ba lafiya?"

"Leah, don Allah..."

"A nan babu Leah."

Ya gyara tsayuwa. "Malama. Na zo a rubuta ni."

"An tashi. Ba ka ji ƙararrawa ba?"

Ya dafa ƙofa. Ruwa yana ɗiga daga rigarsa yana taruwa a siminti.

Leah ta ɗan bar shi a haka, don ba za ta bar bashin tsokanar shekaru ya wuce ba ta ɗanɗana ba. Sannan ta ce, "Shugaba yana ofis. Tun da kiranka ya yanke ɗazu na tsare shi da rigimar kayan gwaji da ba a saya mana ba, na ce kada ya tafi sai na dawo mun ƙarasa. Sunanka?"

"Kin san sunana."

"Ajin bai sani ba."

Ya dubi yaran. Ga ɗan maƙwabcinsa, ga 'yar mai wa'azin cocinsu, ga wanda ya yi wa ɗaurin ciwo a ƙafa makon jiya.

"Ebenezer Mika."

"Me ka zo yi?"

"Na zo koyon kemistiri. Da fiziks. Ban iya ba."

Wani yaro a baya ya fashe da dariya, aji duka ya ɗauka. Leah ta buga tebur sau ɗaya, aka yi tsit.

"Duk wanda ya iya a cikinku ya ɗaga hannu." Babu hannun da ya tashi. "To. Ebenezer, ruga ofis kafin ya gane wayona."

Kafin magariba labari ya gama Zuru. Ni ma a ranar na ji, kuma kun san ba a riga ni.

Ba zan ɓoye muku ba, shekarar nan ta ba shi wuya. Gwajin farko ya zo na biyun ƙarshe, wanda ya zo na ƙarshen ma bai zo makaranta ba ranar. A ɗakin gwaji ya zuba ruwan asid fiye da kima, abin da ya kamata ya yi ja-ja kaɗan ya koma kamar zobo. Leah ta ɗaga kwalbar sama ta nuna wa aji. "Ga na Daktan Fanadol, wa zai sha?"

Wasu masu sayen magani sun koma wani shago. A majalisa ana cewa ashe Dakta bai gama sakandare ba. Wata rana ya dawo ya jefa littafin fiziks bayan randa ya ce ya bari. Saloma ta ɗauko ta share ta ajiye masa kusa da tuwo. Washegari ya koma.

A hankali abin ya fara shiga. Bayoloji ya zo masa da sauƙi. Kemistiri ya bi baya. Fiziks ne dai suka yi ta kokawa har ranar jarrabawa, kuma ya fito daga ɗakin bai san wa ya kayar da wani ba.

Sai jira. Wannan jiran ya fi karatun cin rai. Arzika ya zo da labarin cewa mutanen Success har sun fara shagali, an tabbatar musu. Ebenezer ya rame, wandonsa ya koma ɗaurin igiya.

Ranar da sakamako ya fito ya ƙi zuwa ko'ina. Leah ce ta zo gidan da wayarta. Ya zauna a kan turmi a tsakar gida ya juya musu baya. Saloma ta tsaya riƙe da ludayi.

"In karanta?" in ji Leah.

"Karanta."

"Turanci, C5."

Ebenezer ya gyaɗa kai.

"Lissafi, C6. Bayoloji, B3. Kai, ashe fanadol yana da amfani."

"Leah!" in ji Saloma.

"Kemistiri..." Ta tsaya ta yi tari, ta nemi ruwan sha. Saloma ta ɗaga ludayi. "Kemistiri, C4. Wannan nawa ne, ba naka ba."

Saura ɗaya. In fiziks ya faɗi, huɗun nan duk sun tashi a banza, don a zama ɗaya ake so. Ebenezer ya kama gefen turmi da hannu biyu.

"Fiziks," in ji Leah, sai muryarta ta canja, wasan ya fita daga cikinta. "Yaya, C6. Ka tsallake."

Bai juyo ba. Kafaɗunsa suka fara rawa. Saloma ta saki ludayi ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Can ya share fuska da gefen riga ya ce, "Sake karanta fiziks ɗin."

"C6."

"Nawa ne? Ba kuskure?"

"Naka ne, Yaya," in ji Leah, tana dariya tana share ido. "Kwantar da hankalinka. Irin wannan C6 ɗin ko a titi ka yar da shi babu mai cewa nasa ne."

Ba zan yi muku ƙarya in ce an kama Success ba, ko in ce Ebenezer ya zama likita. Success yana nan da shuɗin gininsa. Ebenezer kuma JAMB ce a gabansa, bayanta shekaru masu yawa, Allah kaɗai ya san inda zai kai. Amma duk inda ya kai, ƙafarsa ce ta kai shi.

Darasi: In za ka koma karatu da girmanka, kada ka zaɓi wurin da zai ɓoye ka, zaɓi wurin da zai koya maka, ko da ƙanwar matarka ce za ta riƙe alli. Dariyar yara ta 'yan watanni ce. Takardar da aka rubuta maka kuwa, wanda ya sayar maka da ita ma ba zai ba ka ɗansa ba. Ku tura wa duk wani babba da kunya ta hana shi komawa aji, ku kuma tura wa masu sa takunkumi ba mura, sun san kansu.